Auta Ta Ƙi Guga

Ni dai abin taƙamata a duniya biyu ne, dutsen gugana da Autata. Duk layinmu, in kuka ga riga ta tsaya ƙyam a jikin mutum, kari ya miƙe daga kafaɗa har bakin hannu, ba sai kun tambaya ba, ta teburina ta bi. Da gugar nan na raini yarinyar tun da ubanta ya rasu. A gefen teburin ta yi rarrafe, a nan ta koyi lasar yatsa ta taɓa dutse ta ji zafinsa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ta girma sai wani kamfanin ɗinki ya ɗauke ta aiki a ɗakin guga, inda ake goge kaya kafin a sa su a leda.

A ɗakin nan gobara ta tashi wata rana da hantsi. An ce waya ce ta yi tartsatsi a bayan tulin yadi. Ƙofar gefe kuwa da kwaɗo a jikinta, wai don kada ma'aikata su riƙa sulalewa. Kowa ya yi babbar ƙofa, sai Auta da wata dattijuwa mai sharar wurin, su hayaƙi ya datse a lungu. Matar ce ta cafki wuyan hannun Auta, ta ja ta ƙasa, suka yi rarrafe har banɗaki, suka jiƙa tsumma suka toshe hanci, har 'yan kwana-kwana suka fasa taga. Ba a rasa rai ba. Autata ta fito ko ƙwarzane babu.

Kada ku ce ban gode wa matar ba. Na gode, har durƙusa mata na yi a asibiti ina kuka. Na ce mata daga yau duk tsumman da ta mallaka ni zan goge shi har in mutu. Ta ce ba komai, yi wa kai ne. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na rage durƙuson.

Aka rufe kamfani don gyara, Auta ta zauna a gida. Na ce alhamdulillahi, ga 'yata ga ni. Sai dai wadda ta dawo mini ba ita ce ta fita ba. Yarinyar da in tana dariya sai maƙwabta sun buga bango, yanzu murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura har ta ture kujera. Abinci ta tsakura ta ture. Da safe in ga idonta ja wur, in ce, “Kin yi barci kuwa?” ta ce, “Na yi,” a ƙufule, kamar zaginta na yi. Wani lokacin ina mata magana, idonta a kaina, amma ita ba ta nan.

Na yi abin da na iya. Na sa wa ƙofa sabuwar sakata, don na lura kullum idonta na kan ƙofar, na ɗauka tsoron shigowar wani take. Sannan na kama guga. Ni ba gwanar lallashi da baki ba ce, abin da ke raina a hannuna yake fita. Na goge rigunanta, na goge ɗankwalayenta, na goge zanin gadonta da rigar matashin kai, har tawul. Kafin ta kwanta sai in sake bin zanin gadon da dutse, don ta same shi da ɗumi.

Sakayyar da na samu ita ce, in gari ya waye sai ta tsallake kayan da na jera mata a bakin gado, ta je igiya ta zaro riga yadda ta bushe, ta zura, ta fice. Ina za ki? “Wurin Iya.” Iya! Mai sharar ce ta zama Iya. Ni da na yi naƙudarta ina nan a Ummata, ko ƙarin girma babu, wata kuwa daga riƙe hannu ta samu sarauta.

Akwai maƙwabciyata da muke kira Rediyo, don ba a kashe ta. Ta leƙo ta katanga tana dariya ƙasa-ƙasa.

“Maman Auta, yau kuma dutsen ne ya lalace? Na ga mutuniyar ta wuce da riga kamar an ƙwato daga bakin kura.”

“Sabon yayi ne,” na ce, “ba ki waye ba.”

“Ah to. Na ɗauka ko sabuwar uwar ce ba ta iya guga ba.”

Na yi dariya don kada ta ga ta same ni, amma ranar sai da na ƙona wa wani malamin makaranta wuyan riga, abin da rabona da yi tun ina amarya.

Ku fahimce ni, ba rigar ce ta fi ci mini rai ba. In Auta ta dawo da yamma, fuskarta ta ɗan sake, har da alamar ta yi barci. A can take barci ke nan, a can take ci. Ina ji tana waya, muryarta a sanyaye: “Iya, kin ci abinci? Kin sha maganin tarin?” Ni kuwa ina tsaye da ciwon baya tun safe, ba wanda ya tambaye ni ko ruwa na sha. In na matsa zan rungume ta, sai ta sandare, ta kau da fuska, ta ce, “Umma, zafi nake ji.” Zafi! A jikin waccan ba ta jin zafi. Kishi na yi, ba zan ɓoye muku ba. Har zama nake ina ƙirƙiro abin da matar ke gaya mata a kaina.

Ranar da abin ya fashe, da azahar ne. Ina tsakar ɗaki ina goge wani farin yadi, na ga Auta ta fito da jaka a kafaɗa.

“Umma, zan ɗan koma wurin Iya da kwana. Na ɗan lokaci ne.”

Ban san sanda na isa ƙofa ba. Na danna sakata, na jingina bayana, dutsen guga na hannuna ban ma ajiye ba.

“Ba inda za ki. Gidan ubanki ne ya yi miki kaɗan, ko uwar ce ta tsufa?”

“Umma, buɗe ƙofar.”

“Me take ba ki da ni ban ba ki ba? Mutane sun ƙone a duniya sun warke sun koma aiki. Ke ko ƙwarzane ba ki yi ba, kin bi kin susuce, kin mai da ni abin dariya a layi!”

“Umma, don Allah buɗe ƙofar.”

“In buɗe ki tafi wurin uwar aro?”

Yadin da na bari a tebur da zafinsa, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin guga. Sai na ga jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta kama wuyanta da hannu biyu tana jan numfashi yana ƙin shiga. Ta durƙushe, ta kwanta rub da ciki, ta fara rarrafe tana laluben bango, a ɗakin da aka haife ta, rana tsaka. Na kira sunanta, ba ta ji ni ba. Na zare sakatar, haske ya shigo, ta miƙe ta fita a guje ba takalmi.

Mai hankali da a nan ya gane. Ni kuwa abin da zuciyata ta ce mini shi ne, kin gani ko, har ta fi son titi da ke. Na kwana ina saƙa da warwara, gari na wayewa na kwashe kayanta na sake bi da dutse ɗaya bayan ɗaya, na sa sitaci, na ninke, na ɗaure a zani. Na ce zan kai mata kaya. Ƙarya nake, faɗa zan je yi, har na tsara abin da zan fara da shi.

Matar a wani gidan haya take, can bayan tashar mota, ɗakuna a jere suna kallon famfo ɗaya. Ban sha wuyar gane nata ba. Shi kaɗai ne ƙofarsa a wangale, an tokare da bulo, labulen an naɗe shi an cusa a saman ƙyaure. A bakin ƙofar, kan tabarma, ga Autata kwance tana barci, bakinta a ɗan buɗe kamar tana goye. Mai sharar na zaune a gefenta ta miƙe ƙafa, hannunta ɗaya a cikin na Auta. Ko a cikin barcin yarinyar ba ta saki ba.

Na nufe su da ƙullin kayana. Matar ta ɗago, ta gan ni, ta ɗaga mini ɗaya hannun, wai in tsaya. Ni za a tsayar a kan 'yata? Na ƙara taku.

Iska na bayana. Ban kai rabin tsakar gidan ba na ga Auta ta motsa. Ta yamutsa fuska, ta fara tari a cikin barci, ƙafafunta na shure-shure, tana wani ƙaramin kuka. Na tsaya cak. Na ja da baya har bakin famfo, don in ga ko idona ne. A hankali ta lafa, numfashinta ya daidaita. Na sake matsowa. Ta sake farawa.

Na sunkuya na shinshina ƙullin da ke hannuna. Na shinshina hannun rigata, da tafin hannuna, da bakin ɗankwalina. Yadi mai zafi. Abin da nake kira ƙamshi tun ina yarinya, shi ne abin da ta shaƙa kafin hayaƙi ya rufe su. Shi na shimfiɗa mata a gado, shi na sa mata a matashin kai, shi ne a jikina duk sanda na buɗe hannu na ce ta zo. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na ajiye kayan a bayan randar wani, na fita waje na zauna a kan dakalin gidan.

An jima matar ta fito tana jan ƙafa. Ta zauna a ɗaya ƙarshen dakalin, nesa da ni. Sai a lokacin na gane ita ma hancinta take karewa.

“Maman Auta, sannu da zuwa.”

Duk abin da na tsaro ya gudu, sai guda ɗaya ya rage. “Baiwar Allah, kin ƙwace mini 'ya.”

Ba ta yi musu ba. Ta miƙo mini hannunta in gani. Wuyan hannun ya yi baƙi, ga shatin yatsu, sabo a kan tsoho.

“In kin zo karɓarta ne, da kin taimake ni,” ta ce. “Ina son yarinyar nan, Allah ya sani. Ban taɓa haihuwa ba, ba wanda ya taɓa ce mini Iya sai ita. Amma duk sanda ta damƙe ni a nan, banɗakin nan nake komawa. Ita ta yi barci, ni in zauna ina jin ƙarar wutar. Ba zan iya gaya mata ba.”

Na dube ta da kyau, karo na farko tun asibiti. Ta rame, idonta ya faɗa. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Kuma Allah ya yafe mini, abin da na fara ji daɗi ne. Ashe ba ta fi ni ba! Sai daga baya tausayi ya biyo, a makare, yana jin kunya.

“Akwai wata nas da ke tara mu a asibiti, mu da abin ya rutsa da mu,” ta ce. “Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma raki ba ne. Wuta ta mutu, jiki ne bai samu labari ba tukuna. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ta ce yawanci yana lafawa in an bi shi a hankali, in ya ƙi kuma akwai likitansa. Auta ta je sau ɗaya ta ƙi komawa. Ta ce in kin ji za ki ce ta cika son jiki.”

Abin da na faɗa mata jiya ma ya fi haka muni.

“Me ya sa ba ta gaya mini guga ce ba?”

“Ta ce da gugar kika raine ta. Ta ce ta ina za ta fara ce miki warin hannunki ne ba ta so?”

Nan na yi kuka, a bakin titi, masu wucewa na kallona. Matar ba ta matso ba, ni ma ban so ta matso ba.

Da na koma gida, mai gyaran keke na bakin layinmu na fara nema, na roƙe shi gefen rumfarsa. Shi da ɗan'uwansa suka ɗauke teburin gugar da ya fi Auta daɗewa a ɗakin, suka kai shi rumfar. Na cire labule, na kwashe zannuwan gado da rigunan matasai, duk abin da dutse ya taɓa na tsoma shi a ruwa. Kayan da na ɓata safiya ina wa sitaci, na aika aka ɗauko, su ma na dulmuya su. Na buɗe tagogi. Na nemo abin kwance ƙusa na cire sakatar da hannuna. Sannan na yi wanka, na wanke kai, na je igiya na zaro riga da zani yadda suka bushe.

Ku da ba masu guga ba ba za ku san abin da na ji ba. Tsirara ce kawai ban yi ba. Rediyo na ganina ta dafe ƙirji.

“Innalillahi! Maman Auta, wa ya mutu?”

“Na gaya miki yayi ne. Ki jira, ke ma za ki shiga.”

Haka na riƙa zuwa gidan hayar. In yi aikina da sassafe a rumfa, in yi wanka, in canja kaya, in tafi. Ranar farko a bakin famfo na zauna. Auta ta dubi rigata, ta dubi fuskata, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce mata na cire sakatar, in ta ga dama ta zo ta gani. Washegari na matsa kusa da tabarmar. Na bi su wurin nas ɗin ma, na zauna a benci na baya ina saurare. A can na koyi cewa ba a tsare mutum da tambaya, in ya so zai faɗa. In abin ya taso, a sa shi ya dafa ƙasa da ƙafarsa, ya saki numfashi a hankali, ya faɗi abin da idonsa ke gani a gabansa.

Kada ku ɗauka kishin ya tafi. Yana nan daram. Ina zaune Auta za ta zuba shayi ta fara miƙa wa Iya. In wani abu ya ba ta dariya, Iya take fara kallo. Akwai maganganun da suke yi da ido waɗanda ni ba ni da shiga, don ban shiga wutar ba. Wata rana har na kama kaina ina cewa ina ma ni ce a banɗakin. Ku ji fa, uwa da hankalinta tana kishin gobara.

Ranar da nake son ba ku labari, da la'asar ce, mu uku a kan tabarma, ina tsince musu shinkafa. Wata mata a ɗakin ƙarshe ta bar tsumman sauke tukunya a bakin murhu, ya kama. Ba wata wuta ba ce, take ta taka shi da takalmi. Amma ƙaurin ya riga ya iso, ga yaranta sun ƙwala ihu, “Wuta! Wuta!”

Auta ta zabura. Hannunta ya tafi neman na Iya, kamar kullum. Bai samu ba. Iya ta riga ta dunƙule, ta rufe kanta da hannu biyu. Hannun yarinyar ya tsaya a iska yana lalube.

Na ture farantin na sa nawa a wurin.

Ta damƙe. Kai, ashe haka matar nan take sha! Na ji kamar ƙashin zai tsage. Idon Auta a buɗe amma ba ni take gani ba, numfashinta sama-sama. Duk abin da nas ta koya mana ya tsere daga kaina, sai da na laluba na kamo bakin zaren.

“Auta, taka ƙasa. Taka da kyau. Saki numfashin, a hankali, bi nawa. Me kike gani? Gaya mini.”

“Hayaƙi…”

“A'a, duba dai. Me ke gabanki?”

Ta daɗe kafin ta ce, “Famfo.”

“Sai me?”

“Bokiti. Shinkafa a ƙasa.” Idonta ya sauko kaina, ya tsaya. “Umma.”

“Na'am. Ni ce.”

Ba ta sake ni ba. Ta matso, ta kifa fuskarta a wuyana, daidai inda take kau da kai, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Na ƙame ina jira ta ture ni. Sai na ji jikinta ya saki, hawayenta na bin wuyan rigata. Ban yi motsi ba, ko haɗiyar yawu na ƙi yi.

Can, fuskarta na jikina, ta ce, “Umma, riƙe Iya ma. Ita ba ta da kowa.”

Na dubi matar, a dunƙule a ƙarshen tabarmarta, ita kaɗai. Ko a wannan lokacin sai da aka ambace ta! Na ja tsaki a zuci, na miƙa ɗaya hannun na kamo nata, na ce, “Iya, taka ƙasa. Wutar ta mutu.” Ta riƙe ni da ƙarfin da ya fi na Auta, muka zauna a haka, kaji na cinye mana shinkafa.

Amma dai ni aka fara riƙewa. Wannan ina so a sani.